Allura da Alharini: Ɗinkin Hannu Tsakanin Ƙasar Hausa da Fezzan

1.0 Gabatarwa

Samnu ƙaramin gari ne na dabino da ke arewa maso gabas da Sabha, a yankin Fezzan na kudancin ƙasar Libiya. A ƙarni na 19 garin yana kan hanyar ayari da ta taso daga Tarabulus, ta bi ta Sokna, ta sauko Zigan da Samnu da Tamanhint da Sabha, kafin ta isa Murzuk, babban birnin Fezzan na wancan lokaci. A Murzuk hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta nufi Bilma da Barno, ɗaya kuma ta karkata yamma zuwa Gat, daga nan sai Azbin da Damagaram da Kano. Wannan maƙala za ta dubi wani ɓangare na kayan da suka riƙa bin wannan hanya, wato allura da zaren alharini da ake kudu da su, da kuma riguna masu aiki da ake arewa da su. Manufar ita ce a nuna cewa ɗinkin hannu na Bahaushe, duk da a zaure da tsakar gida ake yin sa, ya ginu ne a kan cinikin hamada, kuma da cinikin ya mutu sana'ar ta rayu ta hanyar sauya hannu. Harshen Hausa kansa ya adana shaidar wannan tarihi.

2.0 Fezzan da Ƙasar Hausa

Dangantakar Fezzan da ƙasar Hausa daɗaɗɗiya ce. Daular Aulad Muhammad, wadda ta mulki Fezzan daga Murzuk tun ƙarni na 16 har zuwa farkon ƙarni na 19, tana da ƙawance da Katsina, har ma wasu sarakunanta sun taɓa neman mafaka a can lokacin da Turkawan Tarabulus suka matsa musu. Turkawa sun karɓi mulkin Tarabulus kai tsaye a 1835, Fezzan kuma ta shiga hannunsu a 1842.

Matafiyan Turai da dama sun bi wannan yanki sun rubuta abin da suka gani. George Lyon ya bi hanyar Sokna zuwa Murzuk a 1819, haka ma Gustav Nachtigal a 1869. Amma wanda ya fi kowa bayani a kan tufafi shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da ya riƙa kiran kansa Abdulkarim. Ya bar Tarabulus a 1850, ya bi ta Murzuk da Gat da Agadas, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Da zai koma a 1855 ya tafi da samari biyu, Dorugu da Abbega, suka ratsa Fezzan tare. Labarin da Dorugu ya bayar na wannan tafiya yana cikin Magana Hausa na J. F. Schön, wanda aka buga a 1885, kuma yana cikin tsofaffin rubutun zube na Hausa da ɗalibai ke nazari.

Wajibi ne a faɗi cewa ba tufafi kaɗai ke bin hanyar ba. Bayi da aka kamo daga ƙasar Hausa da Barno da maƙwabtansu suna cikin manyan abubuwan da ayari ke kaiwa kasuwar Murzuk, kuma da yawa sun mutu a hamada kafin su isa. Daular Usmaniyya ta haramta wannan ciniki a 1857, amma ya ci gaba a ɓoye shekaru masu yawa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka daɗe ana jin Hausa a garuruwan Fezzan da Gat da Gadamas.

3.0 Abin da ke Zuwa da Abin da ke Tafiya

Barth ya lissafa kayan Turai da ya tarar a kasuwar Kano: akoko daga Manchester, da duwatsun ado daga Venice, da takubba daga Solingen, da allurai da madubai daga Nuremberg. Allura ba ta da nauyi ga raƙumi, ga ta kuma kowane gida na bukatarta, saboda haka matafiya suka riƙa amfani da ita a madadin ƙananan kuɗi a ƙauyuka. Shi kansa Barth da allura ya riƙa sayen abinci a wurare da dama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne wani siliki mai kaushi da ake rinawa a Tarabulus. Ragowar siliki ne daga masaƙun Turai, wanda ba shi da daraja a can, amma da ya iso ƙasar Hausa sai ya zama alharini, adon sarakuna. Barth ya ƙiyasta cewa ana shigo da kayan raƙuma 300 zuwa 400 na wannan zare Kano a kowace shekara, wanda kuɗinsa ya kai kimanin wuri miliyan 70. Masaƙa na sanya shi cikin barage, maɗinka kuma na yin aikin riga da na ƙafar wando da shi, dukawa su ƙawata takalma da sirdi.

Kafin alharini Bahaushe yana da nasa silikin, wato tsamiya, wanda ake samu daga saƙar wata tsutsa da ke taruwa a jikin itatuwa. Ana dafa saƙar da ruwan toka, mata su kaɗa ta, a sami zare mai launin ƙasa-ƙasa. Farin zaren auduga ma mata ne ke kaɗa shi da mazari a cikin gida. Ke nan riga ɗaya tana iya haɗa audugar Kano da tsamiyar daji da silikin Turai da aka rina a Tarabulus, kuma a ɗinka ta da allurar Jamus.

Ta fuskar fita kuwa, Barth ya ce tufafin Kano suna kai wa Murzuk da Gat har Tarabulus a arewa, da Tambutu a yamma. Ya ƙiyasta darajar abin da ake fitarwa a shekara da aƙalla wuri miliyan 300. Turkuɗin Kura, wanda Buzaye ke naɗawa, yana cikin wannan lissafi, haka ma kore da saƙi da takalman fata. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna yadda marinar ƙauyukan kudancin Kano suka bunƙasa saboda wannan kasuwa ta hamada.

4.0 Hannayen da ke Cikin Riga

Babbar riga mai aiki ba aikin mutum ɗaya ba ce. Mace ta kaɗa zare, masaƙi ya saƙa shi siriri, marini ya rina in ana so, maɗinki ya harhaɗa. Daga nan sai a kai wa mai zane, ya zana fasalin aikin a kan aljihu da ƙirji da baya da tawada da alƙalamin kara. Sai mai surfani ya zauna ya bi zanen da allura, aikin da kan ɗauki watanni. A ƙarshe a kai mabuga a buge ta ta yi sheƙi.

David Heathcote, wanda ya yi bincike a kan ɗinkin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, ya lura cewa yawancin masu zane da masu surfani malamai ne da almajiransu. Dalilin a fili yake. Hannun da ya saba da zayyanar allo ba ya shan wahalar zana aska takwas ko tambari ko dagi, kuma sana'a ce da ake yi a zaune a zaure, ana yi ana sauraron karatu. Almajiri yakan ciyar da kansa da ɗinkin hula ko na riga ba tare da ya bar gaban malaminsa ba.

Bayan jihadin 1804 bukatar irin waɗannan riguna ta ƙaru. Colleen Kriger ta yi bayanin yadda riga ta zama kyautar girmamawa a Daular Sakkwato, wadda sarki ke bai wa hakimi ko malami ko baƙo. Bida da Ilorin sun shahara wajen aikin, kuma har yau sunan girken Nupe yana tuna wannan. Amma sunan da tarihi ya riƙe na wanda ya sa rigar ne. Matar da ta kaɗa zaren, wadda sau da yawa baiwa ce, da almajirin da ya ƙare idonsa a kan aljihun, ba a rubuta sunayensu ba.

5.0 Shaidar Harshe

A nan ne allura za ta tono garma ga ɗalibin harshe. A 1947 Joseph Greenberg ya raba kalmomin Larabci da ke cikin Hausa gida biyu: waɗanda suka shigo ta bakin 'yan kasuwa, galibi ɗauke da "al" ɗinsu, da waɗanda suka shigo ta littattafan malamai. Kayan ɗinki suna cikin rukunin farko. "Allura" daga al-ibra take, "almakashi" daga al-miƙass, "alharini" daga al-harir. Sunayen wasu tufafi ma daga arewa suka zo, kamar kaftani da jabba da zubuni da falmaran, da mulufi, wato jan ƙyallen ulu.

Sunayen unguwanni ma shaida ne. Alfindiki ta Kano daga al-funduƙ take, ma'ana masaukin fatake. Dandalin Turawa kuwa mazaunin Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, domin kalmar "Bature" ta daɗe tana nufin Balaraben arewa kafin ta koma kan mutanen Ingila da Faransa. Idan aka kwatanta waɗannan da kalmomin da suka shigo daga baya, irin su tela da leshi da ulu da kwarashi da ribon, za a ga cewa daga Ingilishi suke. Wato alƙiblar aro ta juya daga hamada zuwa teku.

6.0 Mutuwar Hanya da Sauyin Hannu

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903, amma ayari bai tsaya nan take ba. Marion Johnson ta nuna cewa cinikin Tarabulus da Kano ya ci gaba har farkon ƙarni na 20. Shekarar 1911 ce ta karya shi, domin a cikinta layin dogo ya iso Kano, a cikinta kuma Italiya ta mamaye Tarabulus. Daga nan kayan da kan yi watanni a bayan raƙumi suka koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, sannan jirgin ƙasa. Zango irin su Samnu suka rasa ayarin Kano.

A ƙasar Hausa kuwa zaren kanti ya maye gurbin alharini, shadda ta maye gurbin saƙi, keken ɗinki ya shigo. Makarantun 'yan mata da aka fara buɗewa a Kano da Katsina a farkon shekarun 1930 sun koyar da ɗinki da saƙa, kuma sannu a hankali saƙar kwarashi da adon ulu suka bazu cikin gidaje. Mata suka riƙa yin hular jarirai da safa da zanen gado da rigar matashi da marfin kwano, wasu don kayan ɗakin 'ya'yansu, wasu don dillaliya ta kai gidaje. Ɗinkin hular maza ma ya zama babbar hanyar samun matan aure, su zuba adashi, su yi biki.

Babban sauyin shi ne na babbar riga kanta. Elisha Renne, wadda ta yi bincike a birnin Zariya tun shekarun 1990, ta bayyana yadda mata suka shiga surfanin riga daga wajen shekarun 1970 zuwa 1980, lokacin da maza da yawa suka koma makarantar boko da aikin albashi. Sai dai sayen yadi da zane da kai wa kasuwa sun fi zama a hannun maza, ladan mai allura kuwa bai taka kara ya karya ba idan aka duba makonnin da take ɓatawa. Ga kuma keken surfani da ke gama aikin wata a yini ɗaya.

7.0 Kammalawa

An ga yadda allura da alharini suka ratso Fezzan suka shigo zauren malam, da yadda rigar da aka ɗinka da su ta koma arewa ta wannan hanya. An kuma ga cewa da hanyar ta mutu a 1911 sana'ar ta ƙaura daga zaure zuwa tsakar gida, ta haɗu da kwarashi da ulu. Abin da bai sauya ba shi ne matsayin mai riƙe da allura, wanda aikinsa ke fita duniya sunansa kuma yana nan a ɓoye. Saboda haka akwai aiki a gaban masu nazarin Hausa na tattara sunayen ɗinki da na zane daga bakin tsofaffin masu yi a Zariya da Kano da Damagaram, domin kowane suna da ya ɓace yana tafiya da wani yanki na wannan tarihi.