Lalurar rashin daidaiton hali: Yadda ake jinyar masu fama da tsananin fushi da ƙunci

Lalurar rashin daidaiton hali, wadda likitoci suka fi kira da gajeren sunanta na BPD, matsala ce ta lafiyar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya riƙa jin fushi, tsoro, kunya ko ƙunci da ƙarfin da ya wuce kima, kuma ya daɗe kafin zuciyarsa ta sauka. Abin da wani zai ji haushinsa na ɗan lokaci ya manta, kamar jinkirin amsa saƙo ko wasan da aka yi masa a gaban jama'a, yakan hana mai wannan lalura barci, ya sa shi yanke hulɗa da aminin shekara goma, wani lokaci ma ya raunata jikinsa. An ƙiyasta cewa mutum ɗaya zuwa biyu cikin kowane ɗari na ɗauke da ita. Shekaru da dama likitoci na ganin ba ta jin magani. Wannan fahimta ta sauya tun daga farkon shekarun 1990.

Sunanta da alamominta

A 1938 wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin New York, Adolph Stern, ya yi rubutu kan wasu majinyata da suka ƙi shiga rukunan da aka sani a lokacin: hankalinsu bai gushe ba, amma matsalarsu ta fi ƙarfin damuwa ta yau da kullum. Sai ya ce suna kan iyaka, kuma daga nan sunanta na Turanci ya samo asali. Sunan bai bayyana komai game da ciwon ba, amma ya zauna. Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da lalurar cikin kundinta a 1980, kuma kundin na yanzu ya lissafa alamomi tara, ana buƙatar aƙalla biyar kafin a tabbatar.

Daga cikinsu akwai tsananin tsoron a guje wa mutum, da dangantaka mai hawa da sauka, yau wane ya fi kowa, gobe babu maƙiyi kamarsa. Akwai rashin tabbas kan abin da mutum yake so a rayuwa, da aikata abu cikin gaggawa kamar ɓarnar kuɗi, shaye-shaye ko tuƙin ganganci, da jin zuciya ta zama kango, da fushin da ke wuyar riƙewa. Mafi haɗari ita ce raunata jiki da yunƙurin kashe kai. Bincike ya nuna cewa waɗanda ke rasa rayukansu ta wannan hanya na iya kaiwa ɗaya cikin goma. Sau da yawa ana rikita ta da ciwon nan mai kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ya jefa shi cikin damuwa, sai dai shi wancan yanayinsa na ɗaukar kwanaki ko makonni, alhali a BPD yakan sauya cikin sa'o'i, kuma galibi wani abu ne tsakanin mutum da mutane ke tayar da shi. Tantance wannan aikin likita ne. Ba suna ba ne da miji ko mata za su laƙaba wa juna a tsakiyar faɗa.

Gado na da hannu a ciki, haka ma tarbiyya. Binciken tagwaye ya ɗora kimanin kashi 40 cikin ɗari na haɗarin a kan gado. Da yawa daga cikin majinyata sun fuskanci cin zarafi ko rashin kulawa suna ƙanana, amma ba dukkansu ba.

Jinyar DBT

Hanyar jinya da ta fi shahara, kuma aka fi yin bincike a kanta, ita ce DBT, wadda Marsha Linehan, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington da ke Seattle, ta tsara. Linehan ta fara ne da matan da suka sha yunƙurin kashe kansu, ta yi amfani da salon da aka saba na nuna wa majinyaci kuskuren tunaninsa domin ya gyara. Abin bai yi ba. Matan suka ji kamar ana ce musu laifinsu ne, suka riƙa fushi suna barin jinya. Da ta koma ga tausayawa zalla, sai suka ji an ƙyale su cikin azaba babu mafita. Daga nan ta haɗa biyun, kuma shi ne ginshiƙin DBT: a yarda da mutum cewa raɗaɗin da yake ji gaskiya ne, a kuma tsaya kai da fata cewa dole ya sauya yadda yake aikatawa. Sai a 2011 ta bayyana wa duniya cewa ita kanta an kwantar da ita fiye da shekara biyu a wani asibitin ƙwaƙwalwa a Hartford tun tana 'yar shekara 17, tana fama da irin waɗannan alamomi.

A bayaninta, lalurar na tasowa ne idan yaro mai saurin jin abu a rai ya taso a inda ake ƙaryata abin da yake ji. Ya yi kuka a ce shagwaɓa ce, ya yi shiru a ce ya warke, sai ya tayar da hankalin gida kafin a saurare shi. A hankali yakan koyi cewa ihu kaɗai ke aiki, kuma ba ya koyon yadda ake lallashin zuciya. Saboda haka DBT ta ɗauki matsalar a matsayin rashin ƙwarewa, abin da ake iya koyarwa kamar sana'a.

Cikakken shirin yakan ɗauki shekara guda. Majinyaci na ganawa da mai jinyarsa sau ɗaya a mako, yana kuma halartar aji na kimanin sa'o'i biyu tare da wasu, inda ake bayar da darasi da aikin gida. Yana da damar kiran mai jinyar ta waya idan rikici ya taso, domin a tuna masa dabarar da zai yi amfani da ita kafin ya yi ɓarna. Su ma masu jinyar suna zama a tsakaninsu duk mako, domin aikin na gajiyarwa. A kowace ganawa ana fara duba abin da ke barazana ga rai, sannan abin da ke kawo cikas ga jinyar, kafin a zo kan aure, aiki ko bashi. Idan majinyaci ya raunata kansa a cikin mako, ana bin lamarin daki-daki: me ya faru da safe, ya ci abinci, wa ya faɗi me, wane tunani ya biyo baya, a wane mataki ne da an iya tsayawa.

Darussan kashi huɗu ne: lura da abin da ke faruwa a zuciya ba tare da yanke hukunci ba, jure tsanani, sarrafa motsin rai, da iya mu'amala, wato yadda za a nemi abu ko a ce a'a ba tare da an ɓata zumunci ko an zubar da mutunci ba. Kashi na biyu ya cancanci a tsaya a kansa. Bahaushe ba ya rasa cewa a yi haƙuri, amma ba kasafai ake faɗa wa mutum yadda zai yi shi ba a daidai lokacin da jikinsa ke rawa. Wannan giɓi ne darasin ke cikewa. Ana koya wa mutum ya riƙe numfashi ya sa fuskarsa cikin ruwan sanyi na ɗan lokaci, abin da ke rage bugun zuciya nan take (masu ciwon zuciya su nemi shawarar likita tukuna), ko ya motsa jiki da ƙarfi na 'yan mintuna, ko ya riƙa fitar da numfashi a hankali fiye da yadda yake shaƙa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke warware matsalar. Amfaninsu shi ne su ƙetarar da mutum rabin sa'ar da a cikinta ake furta saki, a ajiye aiki, ko a aika saƙon da ba ya gogewa.

A darasin sarrafa motsin rai kuwa, ana fara tambayar ko abin da ake ji ya dace da abin da ya faru a zahiri. Idan bai dace ba, sai a yi kishiyar abin da zuciya ke umarni: mai jin kunya ya fito cikin mutane, mai fushi ya sassauta murya ya ja da baya.

Gwajin farko da Linehan ta wallafa a 1991, kan mata 44, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa DBT sun rage raunata kansu, sun rage kwanakin kwanciya a asibiti, kuma sun fi dagewa a kan jinya. Gwaje-gwaje a wasu ƙasashe sun ƙarfafa hakan.

Sauran hanyoyi da batun ƙwayoyi

DBT ba ita kaɗai ba ce. A Landan, Anthony Bateman da Peter Fonagy sun tsara jinyar MBT, wadda ke horar da mutum ya daina ɗaukar zatonsa game da nufin wasu a matsayin tabbas. Akwai kuma tsarin John Gunderson, wanda aka sauƙaƙa domin likitan ƙwaƙwalwa da bai samu dogon horo na musamman ba ya iya amfani da shi. Abin da ya haɗa su shi ne tsari, da ganawa a kai a kai, da shirin abin da za a yi idan rikici ya taso.

Har yanzu babu wata ƙwaya da aka amince da ita a matsayin maganin wannan lalura. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta bayar da shawara a 2009 cewa kada a yi amfani da ƙwayoyi domin BPD ita kanta, sai dai domin wani ciwon da ya haɗu da ita, kamar ciwon damuwa, ko na ɗan lokaci a halin gaggawa, kada ya wuce mako guda. Duk da haka majinyata da yawa na ƙarewa da ƙwayoyi kala uku ko huɗu, musamman inda rubuta magani ya fi samun mai zama ya saurara sauƙi.

Ana samun sauƙi kuwa? Wani bincike a Asibitin McLean na Amurka, ƙarƙashin Mary Zanarini, ya bi majinyata 290 na tsawon shekaru. Bayan shekara goma, kashi 93 cikin ɗari sun samu aƙalla shekara biyu ba tare da alamomin sun kai matakin lalura ba. Amma kusan rabi ne kawai suka haɗa wannan da tsayayyen aiki ko karatu da kyakkyawar hulɗa da mutane. Shi ya sa masu jinya ke matsa wa majinyaci ya riƙe sana'a ko makaranta tun da wuri, kada a jira sai ya warke.

A Najeriya

Ana iya fara neman tantancewa a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, ko asibitin Dawanau a Kano, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, don haka cikakken shirin DBT na da wuyar samu, amma yana da kyau a nemi ganin masanin halayyar ɗan Adam na asibitin, a tambaya ko yana koyar da waɗannan dabaru. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare haƙƙin majinyata.

Ga iyali, abin da masu jinya ke koyarwa shi ne a amsa raɗaɗin kafin a yi gardama kan dalili. Cewa an ga ran mutum ya ɓaci ba ya nufin an yarda da zarginsa, kuma ba ya hana a gindaya iyaka kan zagi ko duka. Idan kuwa ya ambaci kashe kansa, ko da ya sha faɗa a baya, kada a ɗauka barazana ce: a zauna tare da shi, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.