Tsibiran Madelen: Dutsen da Dakar Ta Kasa Haɗiyewa

Kimanin kilomita 4 yamma da Dakar, babban birnin Senegal, akwai 'yan tsibiran da ake kira Madelen. Birnin ya cika ya batse, amma har yau babu mai gida ko ɗaya a kansu.

Aman wuta ne ya haife su tun zamani mai nisa, shi ya sa dutsensu baƙi ƙirin yake, gefensa a tsaye kamar bango. Babban cikinsu, Sarpan, ta wani ɗan lungu kwale-kwale ke samun shiga, shi ma sai teku ya kwanta. Ba rijiya, ba ƙorama. Iska ba ta barin itace ya miƙe, don haka kukokin wurin gajeru ne, rassansu na jan ƙasa.

Kuka ce ma ta fara fito da sunan wurin. A 1749 wani Bafaranshe masanin tsirrai, Michel Adanson, ya tarar da kukoki a can ɗauke da sunayen matuƙan jiragen ruwa da aka sassaƙa tun ƙarni na 15 da na 16. Da su ya yi lissafin shekarun kuka, ya ce tana iya haura dubu 5. Ya zuzuta, amma sunansa ne masana suka liƙa wa bishiyar: Adansonia.

To me ya hana mutane zama a tsibiran? Ƙishirwa kaɗai ba ta isa ta kori mutum ba. Ai Gore, tsibirin da ke ɗaya gefen Dakar, ƙarami ne, ga shi cike da gidaje. Masuntan Lebu, 'yan asalin yankin, sun yi imani cewa aljanin da ke tsaron Dakar, Lek Dawur, a Sarpan yake zaune, kuma ba ya son maƙwabci. Sukan je su yi sadaka su juyo. Kangon ɗakin dutsen da wani Bature ya fara ginawa a ƙarni na 18 yana nan, Lebu kuwa sun san wa ya hana shi ƙarasawa.

Da gwamnatin Shugaba Senghor ta mai da tsibiran gandun ƙasa a 1976, a ganina hatimi kawai ta buga kan abin da Lebu suka daɗe suna kiyayewa. Tsuntsayen teku ne suka ci riba, musamman wani fari mai jan baki da doguwar jela, wanda wuraren da yake ƙyanƙyasa a gaɓar Afirka ta Yamma ba su da yawa.

A 2005 Senegal ta sa tsibiran cikin jerin wuraren da take nema wa rajistar UNESCO. Sai dai doka da aljani mutum suke tarewa. Leda da ruwan kwatar Dakar da ke kwarara ta bakin Sumbejun, inda ake hawa kwale-kwalen zuwa can, ba sa neman izinin kowa.