Bashin katin banki a Birtaniya: Mafita ga wanda ya kasa biya

Duk wanda ya fara kasa biyan bashin katin banki a Birtaniya yana da hanyoyin samun sauƙi da doka ta tanada, sai dai amfaninsu ya fi yawa ga wanda ya yi magana da wuri.

Katin bashi dai, wanda bankin Barclays ya fara fito da shi a ƙasar a shekarar 1966, ya sha bamban da katin ATM da aka fi sani a Najeriya. Da katin ATM mutum kuɗinsa yake kashewa. Da katin bashi kuwa kuɗin banki ne, kuma idan bai biya duka ba a kan lokaci sai kuɗin ruwa ya hau.

Yadda bashin ke taruwa

A kowane wata banki kan ƙayyade mafi ƙarancin abin da mai katin zai biya. Ga katunan da aka buɗe tun daga 2011, wannan adadi ba ya gaza kuɗin ruwa da sauran caji, haɗe da kashi 1 cikin 100 na uwar kuɗin.

Alal misali, wanda ake bi fam 2,000 a kan ruwan kashi 24 cikin 100 a shekara zai biya kimanin fam 60 a watan farko. Fam 40 daga ciki kuɗin ruwa ne, fam 20 kacal ke rage bashin.

Idan kuma wata ya wuce bai biya ba, akan ci shi tarar da yawanci takan kai fam 12.

Abin da ke biyo baya

Bayan watanni uku zuwa shida ba a biya ba, banki kan aika da takardar gargaɗi a ƙarƙashin dokar bashi ta 1974, wadda ke bai wa mutum aƙalla kwanaki 14 ya biya abin da ya taru.

Idan wa'adin ya cika, ana iya rufe katin, a sayar da bashin ga kamfanin karɓar bashi, ko a je kotu. Tabon kan zauna shekaru shida a kundin bayanan bashin mutum, abin da kan sa samun hayar gida ko sabon rance ya yi wuya.

Sai dai ba a ɗaure mutum a gidan yari saboda kawai ya kasa biyan bashin kati.

Matakan farko

Masu ba da shawara kan bashi na cewa a fara da daina amfani da katin, sannan a rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita a wata.

Daga nan sai a fifita kuɗin haya, da harajin ƙaramar hukuma, da kuɗin wuta da gas, domin rashin biyansu na iya raba mutum da muhallinsa ko jefa shi cikin matsala mafi girma. Abin da ya rage shi ake miƙa wa banki, ko da fam 1 ne a wata.

Suna kuma gargaɗi kan cin sabon bashi domin biyan tsoho, wanda sau da yawa kan ƙara dagula lamarin.

Dokokin da hukumar sa ido kan harkokin kuɗi ta FCA ta fitar a 2018 sun tilasta wa banki ya tuntuɓi wanda ya shafe watanni 18 yana biyan ruwa da caji fiye da uwar kuɗi. Idan aka kai watanni 36, dole bankin ya gabatar masa da tsarin kammala biya, kuma idan ba zai iya ba, a sassauta masa, kamar ta hanyar rage kuɗin ruwan ko yafe shi.

Taimako kyauta

Ƙungiyoyi irin su StepChange da Citizens Advice da National Debtline na ba da shawara ba tare da karɓar ko kwabo ba.

Ta hannunsu ne ake shiga shirin Breathing Space da aka fara a Ingila da Wales a watan Mayun 2021, wanda ke dakatar da kuɗin ruwa da matsin lambar masu bin bashi har tsawon kwanaki 60.

Ga mai ƙaramin ƙarfi da bashinsa bai wuce fam 50,000 ba, akwai tsarin DRO, inda ake yafe bashin bayan watanni 12 idan halinsa bai gyaru ba. An soke kuɗin neman shiga na fam 90 a 2024. Yankin Scotland na da nasa tsarin daban.

Ga Musulmi da dama, kuɗin ruwan kansa riba ce da suke son kuɓuta daga gare ta. Wanda bashi ya yi wa katutu na cikin rukuni takwas na masu haƙƙin karɓar zakka, ko da yake malamai na da sharuɗɗa game da irin bashin da za a biya da ita.