Ma'aikatan sararin samaniya a Najeriya: yadda ake horar da su da rabon Kudancin Kaduna

Masana'antar sararin samaniya ta ƙunshi duk sana'ar da ta shafi ƙera tauraron ɗan Adam, harba shi, kula da shi daga ƙasa, da sarrafa bayanan da yake aikowa. Akasarin ma'aikatanta a doron ƙasa suke aiki: injiniyoyin lantarki da na sadarwa, masu rubuta manhajar kwamfuta, masana taswira, masu hasashen yanayi, da masu fassara hotunan da tauraro ke ɗauka. Binciken ƙwarewa a wannan fanni yana duba yawan mutanen da ƙasa ke da su a kowace sana'a, inda aka horar da su, da ko sun samu aikin da zai riƙe su.

Gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, a shekarar 1999. Tun daga farko, Najeriya ta haɗa sayen tauraro da koyon ƙera shi. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Rasha a watan Satumba na 2003, kuma injiniyoyin Najeriya 15 sun samu horo a lokacin aikin. A watan Agusta na 2011 aka harba NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka harhaɗa da hannunsu a ƙarƙashin kulawar kamfanin. A ɓangaren sadarwa kuwa, ƙasar Sin ce ta ƙera NigComSat-1, aka harba shi a 2007, ya lalace a 2008 sakamakon matsalar wutar lantarki, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a watan Disamba na 2011. A 2017 kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, tare da wata cibiyar fasaha ta Japan, ta shiga aikin ƙaramin tauraron koyarwa mai suna NigeriaEduSat-1.

Raunin wannan tsari shi ne horon yana tafiya ne da kwangila. Idan aka daɗe ba a ƙera sabon tauraro ba, wanda ya koya ba ya samun inda zai gwada hannunsa, wasu kuma sukan koma kamfanonin sadarwa ko su tafi ƙasashen waje. Saboda haka horon cikin gida yake da muhimmanci. NASRDA tana da cibiyoyi a sassan ƙasar, daga ciki akwai ta nazarin ƙasa ta hotunan tauraro a Jos, ta auna doron ƙasa da motsinsa a Toro ta Jihar Bauchi, da ta ilimin taurari a Nsukka. A Ile-Ife akwai cibiyar koyar da kimiyyar sararin samaniya ta ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi, mai alaƙa da Majalisar Ɗinkin Duniya.

Jihar Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan harka. Tsohon kamfanin sadarwa na gwamnati, NITEL, ya taɓa gudanar da tashar sadarwa ta tauraron ɗan Adam a Kujama, a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya tana nan tun 1964, Cibiyar Fasaha ta Rundunar Sojin Sama da ke Kaduna kuma tana koyar da injiniyancin jiragen sama.

Ga matasan Kafanchan da kewaye, ƙofar da ta fi kusa ita ce ta amfani da bayanai. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan inda ake karatun aikin gona da kimiyyar muhalli, fannoni biyu da ke dogara da taswira da hotunan tauraro. A 2025 gwamnatin tarayya ta kafa jami'ar kimiyya a Kachia. Cibiyar Jos ma tana maƙwabtaka da yankin.

Buƙatar a bayyane take. Kachia, Jaba da Kagarko suna cikin manyan wuraren noman citta a Najeriya, kuma annobar da ta afka wa citta a 2023 ta jawo wa manoma asara mai yawa. Hoton tauraro yana iya nuna inda koren ganye ya fara dusashewa a faɗin gonaki, ya nuna raguwar daji, zaizayar ƙasa, da yadda gonaki suka shiga burtali. Sai dai hoton ba ya faɗin sunan cuta. Dole a samu wanda zai karanta shi, ya taka zuwa gonar ya tabbatar, sannan ya yi wa manomi bayani da Hausa ko Tyap ko Jju.

Wannan aiki yana buƙatar lissafi, ilimin ƙasa, kimiyyar lissafin ƙididdiga da iya sarrafa kwamfuta. Hotunan taurarin Landsat na Amurka da Sentinel na Turai kyauta ake samun su a intanet, haka ma manhajar taswira ta QGIS. Abin da ɗalibi yake nema shi ne kwamfuta, wutar lantarki, intanet mai ƙarfi, da malamin da ya san aikin.