Littattafan Tarihi Masu Zane da Koyar da Tarihin Yaƙi: Misali daga Ƙasar Zuru

1.0 Gabatarwa

Kafin yaro ya iya haɗa baƙi da wasali, idonsa ya riga ya iya karanta zane. Saboda haka ƙananan littattafan tarihi masu hotuna su ne ƙofar farko da yara kan bi su shiga tarihin yaƙe-yaƙe. Manufar wannan maƙala ita ce a duba irin yaƙin da waɗannan littattafai kan nuna, da wanda sukan bari, musamman ga ɗalibin Kanya da sauran garuruwan ƙasar Zuru, inda aikin soja ya daɗe da zama gado.

2.0 Asalin Littattafan

A Ingila, kamfanin Ladybird ya soma fitar da jerin littattafan tarihi na yara a 1956, galibinsu daga alƙalamin L. du Garde Peach da zanen John Kenney. Tsarinsu shi ne shafi guda na rubutu, shafi guda na zane mai launi, kuma akasari kowane littafi a kan gwarzo ɗaya, kamar Nelson ko Napoleon.

A Arewa kuwa, Hukumar Fassara ta Zariya ce ta share fage da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda ya tattara labarun sarakuna da yaƙe-yaƙensu. Gasar 1933 ta haifi Ganɗoki na Malam Bello Kagara, inda tsohon mayaƙi ke ba yara labarin karon da aka yi da Turawa. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai ɗauke da zane-zane, shi ma an gina littafinsa na farko a kan yaƙi da Sarkin Sinari. Daga baya Kamfanin Gaskiya (1945), da NORLA a shekarun 1950, da NNPC (1966) suka ci gaba da kai irin waɗannan littattafai makarantu.

3.0 Abin da Zane ke Nunawa

Amfanin zane a fili yake. Malami na iya kwana yana bayanin lifidi da sulke da kwalkwali da garkuwa, amma zane ɗaya ya wadatar. Haka nan zane ne zai fahimtar da yaro dalilin da ya sa rundunar dawaki ta kasa tsayawa gaban bindiga mai ruwa a Giginya cikin Maris 1903.

Sai dai mai zane dole ya tsaya a wani gefen fage, kuma al'adar waɗannan littattafai ita ce tsayawa gefen mahayin doki. A nan matsalar ɗalibin Zuru take. Jarumin Ganɗoki mayaƙin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ne na Kwantagora, wanda Turawa suka ci garinsa a 1901. Ga yaron Katsina, wannan labarin turjiya ne ga mulkin mallaka. Ga yaron Kanya kuwa, Kwantagora ita ce inda hare-haren kamun bayi suka riƙa fitowa zuwa ƙasashen Dakarkari da Kambari da Dukawa. Kakanninsa suna ɗaya gefen fagen, a ƙasa, da baka da kwari, duwatsu ne garkuwarsu. Dabarun wannan kariya, watau zaɓen mazauni a tudu, da tsare hanyar hawa, da ɓoye hatsi, su ma tarihin yaƙi ne cikakke, amma ba su da kwarjinin doki a kan takarda.

4.0 Sojan da Ba a Zana Ba

Giɓi na biyu ya shafi ƙarni na ashirin. Turawa sun ɗebi 'yan Zuru da yawa aikin soja, kuma ana danganta juriyarsu da golmo, watau noman da saurayin Lelna kan yi wa surukansa shekara da shekaru kafin aure. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi a Bama cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sun kuma taka rawa a cin Myohaung cikin Janairu 1945. Bayan 'yancin kai ƙasar Zuru ta fitar da manyan hafsoshi, irin su Manjo Janar Sani Sami da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi. Duk da haka, ya fi sauƙi yaro ya ga zanen jirgin Nelson da ya ga na ɗan garinsu a dajin Bama.

5.0 Kammalawa

Yaƙi ba tatsuniya ba ce ga yaran Kanya, domin a Maris 2022 'yan bindiga sun kai hari garin, aka rasa sojoji. Littafin da zai nuna musu yaƙi a matsayin kwalliyar dawaki kawai ya ha'ince su. Abin da ake buƙata shi ne masu tarihi da masu zane su haɗa hannu, su ɗebo daga bakin dattawa da tsofaffin sojoji, su fitar da littattafai cikin Hausa da C'lela, waɗanda za su zana mai hari da wanda aka hara, da rumbun da aka ƙone, da matar da aka bari da marayu. Kafin a samu haka, nauyi na kan malami ya riƙa tambayar ɗalibansa game da kowane zane: wa aka zana a nan, wa kuma aka bari a bayan shafi?