TARIHIN YADDA NA'URA TA KOYI KARANTA WA MAKAHO FOM A INTANET

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, a ƙarshe kuma akwai gwajin da za ka yi da wayarka.

Tuna fom na ƙarshe da ka cike a intanet, na JAMB ne, na banki ne ko na neman aiki. Kana ganin "Suna" a gefe, ga akwati a gabansa, sai ka rubuta ka wuce. Shi kuwa makaho da manhajar karanta allo yake aiki, wato manhajar da ke faɗa masa da murya abin da ke kan allo. Ita manhajar nan ba ta da ido, rubutun da aka gina shafin da shi take bi. Idan maginin shafin bai ɗaure kalmar "Suna" da akwatinta ba, abin da makaho zai ji kawai shi ne "edit box". Akwati biyar a jere, duk sunansu ɗaya. To wanne ne na lambar waya, wanne ne na BVN? Kusan shekara 30 ke nan ana fama da wannan tambayar.

FARKON LAMARIN

A 1986 Jim Thatcher, masanin lissafi a kamfanin IBM a Amurka, ya fitar da ɗaya daga cikin manhajojin farko na karanta allo. Lokacin aikin da sauƙi, don kwamfutocin DOS rubutu ne zalla: layi 25, kowane layi harafi 80. Manhaja ta leƙa ta karanto, shi ke nan.

Sai Ted Henter, ɗan tseren babur da ya rasa idanunsa a hatsarin mota a 1978. Ya koyi rubuta manhaja, a 1989 ya fitar da JAWS. Da Windows ta zo, allo ya koma hotuna da maɓallai, tsohuwar dabara ta daina aiki. A 1995 aka fitar da JAWS ta Windows, kuma babban ƙarfinta shi ne ana iya rubuta mata umarni na musamman, abin da masu harkar ke kira sikirif.

MENE NE SIKIRIF?

Ka ɗauke shi kamar ɗan jagora. Makaho ya samu aiki a ofis, amma shafin da zai riƙa shigar da bayanai akwatunansa ba su da suna. Sai a kira wanda ya iya, ya zauna ya binciki kowane akwati, ya gano alamar da maginin ya ba shi a ɓoye, sannan ya rubuta wa JAWS: "Duk lokacin da ka sauka kan akwati mai alama kaza, ka ce lambar asusu." Haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Mutane da dama da wannan suka riƙe aikinsu.

Daga baya JAWS ta koyi kwafo shafin gaba ɗaya ta jera shi kamar takarda. Danna F ya kai ka gurbin fom na gaba, E ya kai ka akwatin rubutu, B ya kai ka maɓalli, Insert da F5 su jero maka duk guraben fom ɗin. Inda babu suna kuma sai ta yi hasashe da rubutun da ke kusa. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta ɗauko sunan akwatin maƙwabci, mutum ya zuba lambar sirrinsa inda ba nan ba.

Amma fa rigar aro ba ta rufe katara. Ranar da masu shafin suka sauya fasalinsa, sikirif ya mutu, sai an sake sabo. Ga tsada: lasisin JAWS ɗaruruwan daloli ne, wani ma ya haura dubu. Wannan ya sa a 2006 wani matashi makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, ya fara NVDA, abokinsa James Teh ya shigo suka ci gaba tare. Kyauta ce har gobe, kuma duk wanda ya iya yaren Python zai iya rubuta mata ƙari.

GYARA DAGA TUSHE

Abin mamaki, maganin ya daɗe da samuwa. Tun Disamba 1997, HTML 4.0 ta zo da alamar label, wadda aikinta kawai ɗaure suna da akwatinsa. Layi ɗaya ne. A Mayu 1999 ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin WCAG na gina shafin da kowa zai iya amfani da shi, a 2008 aka sabunta su, a 2014 kuma aka tabbatar da ARIA, wadda ke ba magini damar raɗa wa kowane maɓalli sunan da manhaja za ta furta.

Wasu sai da hukuma ta shiga. A 1999 wani makaho, Bruce Maguire, ya kai ƙarar masu shirya gasar Olamfik ta Sidni kan shafinsu, a shekarar 2000 ya yi nasara, aka ce a biya shi dalar Ostireliya 20,000. Duk da haka, binciken da cibiyar WebAIM ke yi duk shekara tun 2019 kan manyan shafuka miliyan ɗaya yana nuna kusan rabinsu na da akwatin fom marar suna.

A 2009 abin ya shigo aljihu: VoiceOver a iPhone 3GS, TalkBack a Android. Yau ko Tecno ko Infinix ce a hannunka, akwai yiwuwar TalkBack na ciki ba ka taɓa buɗe ta ba.

INA RUWANMU A NAN GIDA?

Karatun makafi na zamani ba sabo ba ne a Arewa. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take, a Kano kuma ga makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki. Abin da ya canza shi ne ƙofar shiga komai ta koma fom. BVN ta zo a 2014. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, har a 2017 ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don makafin ɗalibai. N-Power ta 2016 ta intanet aka nema. Disamba 2020 aka ce a haɗa layi da NIN. Farkon 2023 kuma ƙarancin takardar naira ya tura kowa tiransifa.

Yanzu ka dubi makaho a Balan, ko wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Ba shi da kwamfuta, balle mai rubuta masa sikirif. Waya ce kawai. Idan fom ya faɗi sunan akwatunansa, shi kaɗai zai cike abinsa a ɗaki. Idan bai faɗa ba, sai ya nemi mai raka shi kafe ko wurin mai POS, ya biya kuɗin mashin, sannan ya faɗa wa wani lambar sirrinsa da bakinsa. In an dace da mai amana, alhamdulillahi. In ba a dace ba fa?

A Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Fom marar suna shi ma matakala ce, ba a dai ganinta ne.

GWADA DA KANKA

1. Gwaji mafi sauƙi: buɗe kowane fom a Chrome, ka taɓa kalmar da ke gefen akwatin, ba akwatin ba. Idan kibod ya fito, an ɗaure su. Idan shiru, akwai alamar tambaya.

2. Shiga Settings, sai Accessibility, sai TalkBack, ka kunna. Kula: da ta kunnu taɓawa ɗaya zaɓi ne kawai, sai ka taɓa sau biyu abu zai buɗe, jan shafi kuma da yatsu biyu ne. Ka lura da hanyar da ka bi, don ta nan za ka dawo ka kashe.

3. Koma fom ɗin, ka riƙa shafa yatsa zuwa dama, ka saurari abin da take kiran kowane akwati.

4. Idan kana da ɗan uwa makaho, nuna masa TalkBack na ba da damar raɗa wa maɓalli marar suna lakabi a cikin manhajoji. Jikan sikirif ke nan.

Kai kuma mai koyon gina shafi ko manhaja, kar ka dogara da rubutun nan mai dishi-dishi na cikin akwati, da an fara rubutu yake ɓacewa. Ba kowane akwati label ɗinsa. Aikin minti ɗaya ne a wurinka, shi kuwa sirrin asusunsa ka tsare masa.

Ku tura wa masu gina shafukan makarantu da ƙungiyoyinku. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in sha Allah.