Dandali da Kalankuwa: Tarihin Ɗaukar Nauyin Taron Samari da 'Yan Mata a Ƙasar Hausa

Dandali, wato filin da ke tsakiyar gari ko a ƙofar gidan mai unguwa inda samari da 'yan mata suke haɗuwa da dare domin kiɗa da rawa da waƙar gaɗa, yana cikin tsofaffin wuraren taruwar jama'a a ƙasar Hausa, kuma a da daga nan ne aurarrakin karkara da yawa suke somawa kafin magana ta je gaban iyaye. Ba a san dandali da ƙofa ba, balle mai karɓar kuɗin shiga, domin ɗan talaka da ɗan mai gari duk fili ɗaya suke tsayawa. Sai dai rashin kuɗin shiga bai sa taron ya zama marar ɗawainiya ba, tun da makaɗi ba ya kwana yana dukan kalangu a banza, fitila tana shan mai, baƙin da suka zo daga ƙauyukan maƙwabta suna bukatar tuwo da fura da makwanci, masu gari kuma suna da gaisuwarsu kafin su ba da izini. Hanyoyin da aka bi aka riƙa ɗaukar wannan nauyi, ba tare da an hana kowa shiga ba, su ne suka ba dandali siffarsa, kuma sauyawarsu tana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshensa.

Abin da aka rubuta a kan yadda wannan al'ada take kafin rediyo da talabijin su yaɗu ya fi fitowa daga ƙasar Zazzau. Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakin ita Baba a tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, kuma a cikinsa akwai bayanin ƙawance da rawar 'yan mata a ranar kasuwa tun daga ƙarshen ƙarni na 19. Mijin Mary, M. G. Smith, ya fitar da nazarinsa kan tattalin arzikin garuruwan Zazzau a 1955, sannan David Ames da Anthony King suka tattara sunayen kaɗe-kaɗen Hausa da lokutan da ake yin su a 1971. Waɗannan ayyuka sun nuna cewa samarin gari ba tarkace ba ne, ƙungiya ce mai shugabanci. Akwai sarkin samari, wanda yake naɗa fadawansa da irin sarautun fada kamar Galadima da Waziri da Alƙali, akwai kuma shugabar 'yan mata, wadda sunan sarautarta ya bambanta daga wannan gari zuwa wancan. Bayan zuwan Turawa sai aka ƙara da muƙaman zamani irin su Gwamna da Razdan da Di'o da Likita. Duk wanda aka naɗa ya san cewa rawanin ba kyauta ba ne, domin zai yi gaisuwa ranar naɗi, kuma idan wasa ya tashi ana sa ran hannunsa ya fi na sauran buɗewa.

Tushen kuɗin ƙungiyar ya fi dogara ga ƙarfin jiki. Gayya, wato aikin gona na taron dangi da ake yi wa mutum ɗaya a yini ɗaya, ita ce babbar hanyar da samari suke tara abin da za su kashe da kaka. Mai gona yakan aika wa sarkin samari goro, a sa rana, samari su fito da garmuna da hauyoyi, makaɗan gangar noma suna biye da su suna yi wa kowa kirari, 'yan mata kuma suna kawo ruwa da fura suna kallon wanda zai riga kowa kai ƙarshen kunyarsa. Mai gona ne yake ciyar da su, sannan ya sallami ƙungiyar da kuɗi ko damman hatsi, waɗanda ake ajiyewa a hannun ma'aji har amfanin gona ya zo gida. A nan akwai abin lura, domin ita gayyar kanta wurin haɗuwa ce, kuma saurayin da ya yi fice a noma ya riga ya gabatar da kansa ga 'yan mata da iyayensu tun kafin a kai ga dandali. Ke nan aikin da yake samar da kuɗin taro shi ma rabin taron ne.

Kalankuwa, wato bikin da samari suke yi bayan an gama girbi, a nan ne ake kashe abin da aka tara. Takan ɗauki kwanaki, ana gayyato samari da 'yan matan garuruwan kewaye ta hanyar aika goro ga shugabanninsu, ana yanka dabba, ana kiran makaɗa na nesa. Ba a kama wa baƙi masauki da kuɗi, sai dai a rarraba su gida-gida, samari a zauruka, 'yan mata a ɗakunan ƙawayensu, kowane gida kuma ya fitar da akushin tuwo. Wannan ba sadaka ba ce, bashi ne, domin garin da aka karɓi baƙuncinsa bana shi zai karɓi baƙunci baɗi, kuma wanda ya yi rowa labarinsa zai riga shi isa kasuwa. A cikin kwanakin bikin masu muƙaman wasa sukan kafa kotu, 'yan dokansu su kamo wanda ya makara, ko wanda ya yi faɗa, ko wanda aka ga dama kawai, alƙalin samari ya ci shi tara cikin raha, kuɗin tarar kuma su shiga asusun biki. Kalankuwar ƙauyen Bomo da ke kusa da Samaru ta yi suna saboda malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun nazarce ta, a Damagaram kuma wasan kara, inda ake kwaikwayon masu mulki da kayan da aka ƙera da karan dawa, ya tafi a kan irin wannan tsari.

Sallamar makaɗa ita ce ta fi kowace ɗawainiya nauyi, kuma a nan ne dabarar tsarin ta fi fitowa fili. Ba a cika yin jinga da makaɗin kalangu a kan kuɗi ƙayyadaddu ba. Abin da yake samu yana fitowa ne daga kari, wato kyautar da 'yan kallo suke ba makaɗi ko mai rawa a bainar jama'a. Idan budurwa ta shiga fili aka sako takenta, saurayin da yake nemanta zai ratso taro ya manna mata kwabo ko sisi a goshi, wanda shi ne ake kira liƙi, kuɗin su faɗo ƙasa yaran makaɗi su tsince. Nan take sanƙira, wato maroƙin da aikinsa shi ne shelanta kyauta, zai ɗaga hannu a tsayar da kiɗa, ya ambaci sunan mai kyautar da na ubansa da na garinsu, ya faɗi abin da ya bayar, sau da yawa ma ya ƙara gishiri. Abokin takara da ke tsaye a gefe ba zai iya yin shiru ba, dole ya fito ya ɗora a kan abin da aka bayar, abokansa kuma su tara masa idan aljihunsa ya gaza, don kada a ce an kunyata ɗan unguwarsu. Da haka mutum biyar ko goma masu neman suna suke biya wa jama'ar gari duka kuɗin kiɗa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake jin an ɗora masa, domin abin da ya saya da kuɗinsa shi ne a ji sunansa a gaban wadda yake so.

Wannan hanya ta bunƙasa ne da yaɗuwar kuɗin ƙarfe. A zamanin wuri, kyautar da za ta burge mutane tana bukatar jaka, amma bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, anini da ɗari da kwabo da sisi da sule suka maye gurbinsa sannu a hankali, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da na auduga ya riƙa zuba tsabar kuɗi a ƙauyuka daidai lokacin kaka. Saurayin da yake cikin gandu, wato gonar gida da yake nomawa a ƙarƙashin mahaifinsa, ba shi da iko da rumbun gidan, ko da yake uban ne zai biya masa haraji ya kuma yi masa auren fari. Abin da yake kashewa a dandali yana fitowa ne daga gayauna, wato 'yar gonar da aka yanka masa ta ƙashin kansa, da kuma sana'ar rani ko ci-rani a birni.

'Yan mata ma ba 'yan kallo ba ne a wannan lissafi. Gefen dandali kasuwa ce ta dare, inda masu talla suke jera farantan ƙosai da gyaɗa da alewa da goro a gaban aci-balbal, samari suna saye fiye da bukatarsu, wani ma ya juye tallan gaba ɗaya ya raba wa abokai. Ribar tana komawa ga uwayen da ke cikin kulle, waɗanda da ita suke tara kayan ɗakin 'ya'yansu, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa iyaye mata ba su cika hana fita dandali ba ko da malamai sun yi faɗa. Haka kuma ƙawaye suna da biki, wato gudummawar da ake kai wa juna ranar sha'ani bisa sharaɗin cewa wadda aka kai wa za ta mayar da ninki idan na ƙawarta ya zo, har adadin ya yi yawa a sake komawa ƙasa. Idan kuwa ana son tara wa mutum ɗaya kuɗi, sai a shirya ajo, wato wasan da ake kiran makaɗa musamman domin abokai su zo su yi kari, a sallami makaɗa daga ciki, saura ya zama na mai ajo.

Tsarin yana da aibinsa, kuma ba a ɓoye yake ba. Takarar kari takan jefa samari cikin bashi, takan sa budurwa ta auna manemanta da abin da suka zubar a fili, kuma tsarance, wato hirar dare da saurayi da budurwa suke keɓewa su yi bayan an tashi daga wasa, ya daɗe yana shan suka. Tun kafin jihadin 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubutu yana hana cakuɗuwar maza da mata a wuraren biki, amma al'adar ta ci gaba a karkara fiye da shekaru 150 bayan haka, abin da yake nuna cewa wa'azi shi kaɗai bai isa ya rushe abin da gari duka yake da riba a cikinsa ba. Sai da ginshiƙan kuɗin suka raunana sannan dandali ya fara mutuwa. Ƙwadago ya maye gurbin gayya, manomi ya gwammace ya biya leburori ya huta da dafa tuwon taro. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 da makarantun Islamiyya na dare suka ɗauke yara daga fili, ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta tsananta wa'azi a kan kiɗa, bidiyo kuma ya kawo nishaɗi cikin ɗaki. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999 wasu jihohi suka bi sahu, sai hani ya samu ƙarfin hukuma. Shi kansa liƙi ya zama laifi a ƙarƙashin dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, wadda ta tanadi ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla Naira 50,000 ko duka biyu ga mai wulaƙanta takardar kuɗi, ko da yake an fi ganin dokar a takarda fiye da a wuraren biki.

A Nijar abin ya bi wata hanya dabam. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnati ta rungumi samariya, wato ƙungiyar samarin gari ta gargajiya, ta mayar da ita ƙungiyar matasa ta ƙasa, aka gina mata gidaje a unguwanni, aka riƙa shirya bukukuwan matasa na ƙasa da gasar wasan kwaikwayo da raye-raye da kuɗin hukuma. Samariya ta samu kayan aiki da ba ta taɓa samu ba, amma ta zama ta mai biya, aikinta ya koma tarbar manyan baƙi da gayyar gina ajujuwa da yayata manufofin gwamnati, kuma da tsarin jam'iyya ɗaya ya rushe bayan taron ƙasa na 1991 sai ta dusashe tare da shi.

A Kano ma hukuma ce ta shigo daga baya, amma ta ƙofar aure. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, ta fara shirin auren zawarawa a 2012 a zamanin gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, inda aka raba fom, aka tantance masu nema, aka yi musu gwajin lafiya, aka ɗaura wa ma'aurata 100 aure a karon farko tare da ba su kayan ɗaki da jari. A 2013 an aurar da 1,111 a rana ɗaya, a watan Oktoba na 2023 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da 1,800 bayan ta ware sama da Naira miliyan 800 domin shirin. Wannan taimako ne na gaske ga gidajen da gado da katifa suka gagara, sai dai yana biyan ɗawainiyar ranar ɗaurin aure ne, kuma yana tsayawa a duk lokacin da gwamnati ta sauya ra'ayi. Wurin da saurayi da budurwa za su fara ganin juna a gaban idon jama'a, wanda a da gayya da kari da tallan 'yan mata suke ɗaukar nauyinsa, ba ya cikin kasafin kowa a yau. A birane ya koma ɗakunan taro da ake shiga da kati ko tikiti, ga mafi yawan matasa kuma ya koma wayar hannu, inda kowa yake sayen datarsa da kuɗin aljihunsa.